Ramlatu Wali, Daga Kujerar Majistare Zuwa Gaban Allo

A Gummi aka haifi Ramlatu Wali, shekarar 1974, cikin wani gida mai zaure biyu da ke kan hanyar gangarawa fadama. Mahaifinta, Malam Wali, malamin fiƙihu ne. Da hantsi yana karantar da magidanta a zauren waje, da yamma ya tafi duba shinkafarsa kamar kowa. Ba shi da sarauta, ba a kuma taɓa naɗa shi alƙali ba, amma duk shekarar da gulbi ya cika ya share iyakokin gonaki, wurinsa ake fara zuwa kafin magana ta kai gaban hakimi. Yakan bar kowa ya faɗi tasa har ya ƙare, sannan ya ɗauki sandarsa ya ce a tashi a je a gani.

Ramlatu ce ta biyar cikin 'ya'yansa bakwai, kuma ta fi su duka yawan tambaya. Mahaifiyarta, Inna Hindu, takan ce ko gishiri aka aiki Ramlatu sayowa sai ta nemi a faɗa mata dalilin da ya sa na jiya ya ƙare. Ta sauke Alƙur'ani a gida, ta yi firamare a garin, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana, daga nan ta samu gurbin karatun shari'a a jami'a a Sakkwato. Karatun da aka ce na shekara biyar ne ya ci mata kusan bakwai saboda yajin aikin malamai. Tana aji uku ta auri Abdulrahman, wani malamin dabbobi ɗan Bukkuyum, mutum mai sanyin hali wanda ya fi sanin hanyoyin rugage fiye da titunan birni. Da goyon 'yarta ta fari ta tafi makarantar horar da lauyoyi, da cikin na biyu ta yi bautar ƙasa. Bayan nan ta yi shekara uku a ma'aikatar shari'a a Gusau tana rubuta wa gwamnati shawara kan ƙararraki, aikin da ba ya fitar da mutum daga ofis.

A 2004 aka buɗe neman majistarori, ta nema, ta kuma samu. Kafin ta karɓi takardar sai da ta zo Gummi ta zauna gaban mahaifinta, don ta san abin da littattafan da yake karantarwa suka ce game da mace da kujerar hukunci.

"Baba, an ba ni majistare," in ji ta. "Ban amsa ba tukuna."

Malam Wali ya saurare ta har ta gama. Can ya ce ta ba shi kwana biyu. A rana ta uku ya kira ta bayan la'asar.

"Littattafan da munka karanta ba su ba mace alƙalanci ba," in ji shi. "Akwai malamai na wasu mazhabobi da sunka yi sauƙi a wasu wurare. Kuma wannan kujerar taki ta gwamnati ce, dokar da anka rubuta za ki bi. Ba ni ce miki je ki, ba ni kuma hana ki. Amma in kin zauna, kada ki zauna da fushi, kada ki zauna da yunwa. Wannan kam duk malamai sun haɗu a kansa."

Ramlatu ta ɗauki maganar yadda aka faɗa mata. Tsawon shekara goma da ta yi a kotu ba ta taɓa hawa kujera ba tare da ta ci ɗumame ko ta sha fura ba, har ma'aikatanta suka san cewa idan kwano bai fito daga ofishinta ba, ba a kiran shari'ar farko.

Bukkuyum aka fara tura ta. Kotun ɗaki ɗaya ce da benci shida, da wata fanka da ba ta juyawa. A can ta tarar da rajistara, Malam Nuhu, dattijon da ya yi aiki da majistarori tara kafin ita, kuma shi ne ke yin tafinta idan ana buƙata. Makonnin farko mutane sukan cika tagogi don kawai su ga mace sanye da baƙar riga ana miƙe mata. Bayan wata guda suka gaji suka daina.

Shari'arta ta farko mai nauyi ta ɓarnar gona ce. Shanun wani makiyayi sun shiga gonar wake, mai gonar ya sari saniya ɗaya a ƙafa. Ramlatu ta saurari shaidu kwana uku, ta rubuta hukunci shafi goma sha ɗaya da Turanci, da ambaton sassan doka da hukunce-hukuncen manyan kotuna. Ta karanta shi daga farko har ƙarshe, Malam Nuhu ya taƙaita da Hausa cikin jimla huɗu. Mai gona ya durƙusa ya yi godiya. Makiyayi ma ya durƙusa ya yi godiya. Ta koma ofis tana jin daɗin kanta.

Ba a yi rabin sa'a ba hayaniya ta tashi a bakin kotu. Malam Nuhu ya shigo yana gyara hula.

"Ranki shi daɗe, mutanen nan ne. Kowanne ya ɗauka shi ya ci shari'a."

"Ba ka fassara musu ba?"

"Na fassara abin da na iya riƙewa. Amma kin yi minti arba'in kina karatu, ni kuwa kai guda gare ni."

Ta sa aka dawo da su. Ta ajiye takardun gefe ta yi musu bayani da bakinta, da Hausar Gummi: kai ka yi laifi nan, kai ma ka yi laifi nan, ga abin da ke kan kowa. A wannan karon ba wanda ya yi godiya, amma sun fita ba faɗa. Daga ranar ta ɗauki wata al'ada. Rubutun kotu da Turanci take yinsa da hannunta kamar yadda aiki ya tanada, amma duk tuhuma da duk hukunci sai ta maimaita su da Hausa, sannan ta ce wa mutum ya faɗa mata abin da ya ji. Hakan ya sa shari'unta suna ɗaukar lokaci, masu gabatar da ƙara suna ƙorafi a bayan idonta. Ba ta canza ba.

A 2009 aka mayar da ita Anka, ta roƙa aka haɗa ta da Malam Nuhu. Shekarar da ta biyo baya ce yara suka fara mutuwa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Da farko an ce zazzaɓi ne, wasu suka ce iska. Daga baya likitoci suka gano gubar dalma ce da ke cikin dutsen, wadda ke bin garinsa ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Hukuma ta hana niƙa da daka dutse cikin gari, aka keɓe wurare a waje, aka kuma fara kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa.

Bayan kaka, wata ranar Litinin, aka kawo mata wani mutumin ƙauyen Abare mai suna Saminu. Bai wuce shekara talatin da biyar ba, siriri, rigarsa wankakkiya. Mai gabatar da ƙara ya karanta cewa jami'an sintiri sun same shi a ƙofar gidansa da buhu uku na dutsen zinariya a kan babur, bayan an hana shigar da dutse cikin gari. Laifin saɓa umarnin hukuma ne, kuma idan ya amsa, ana iya yanke masa hukunci nan take.

Ramlatu ta maimaita masa da Hausa. "Ka ji abin da aka ce ka yi?"

"Na ji, ranki shi daɗe. Na yi."

Ta ɗauki alƙalami za ta rubuta, sai ta tsaya. A iya saninta mutanen da ake kamawa da dutse sukan ce na ɗan'uwansu ne, ko ajiya aka ba su, ko ba su ji sanarwa ba. Wannan kuwa ya amsa tun kafin ta rufe baki, kuma ko kallon mai gabatar da ƙara bai yi ba.

"Faɗa mini da bakinka. Me ka yi?"

"Na kai dutse gida."

"Yaushe?"

"Tun bazarar bara nika kai shi."

"Ba bara nake tambayarka ba. Ranar Alhamis da aka kama ka, buhunan nan shiga da su kake yi ko fita?"

Saminu ya kau da kai. Ta sake tambaya. Ya ce shi dai ya riga ya amsa, a yi masa hukunci.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce tun da wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, yana roƙon kotu ta yanke hukunci. Ramlatu ta ce abin da mutumin ya amsa daban, abin da ke cikin takarda daban, don haka ta rubuta cewa bai amsa ba. Ta ba da belinsa a hannun yayansa, ta ɗage shari'ar mako guda, ta kuma ce kotu za ta je Abare ta ga wurin da idonta.

Sun tafi ranar Asabar da safe, ita da Malam Nuhu da mai gabatar da ƙara, cikin wata motar a-kori-kura, don tata ba za ta iya hanyar ba. Sun tarar da garin ana ta aiki. Ma'aikata da fatanya da shebur suna kankare saman ƙasa suna zubawa cikin buhuna, wasu na turo sabuwar ƙasa a baro. An fitar da kayan ɗakuna waje, tabarmi da tukwane da gadaje, ana wankewa. Shugaban masu aikin a wannan unguwa ya shaida wa kotu cewa ranar Laraba sun bi gida gida sun ce duk mai sauran dutse a ɗaki ya fitar da shi zuwa inda aka keɓe kafin su iso gidansa. Saminu ya ce musu yana da buhu uku a ƙarƙashin rumbu, suka ce ya kwashe su washegari. Yana ɗaure su a babur masu sintiri suka iso. Sun ga mutum da dutse a ƙofar gida, suka tambaye shi nasa ne, ya ce nasa ne, bai ƙara komai ba.

Ramlatu ta nemi ganin matar gidan. Sunanta Laraba. Ta fito ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, lulluɓe da zane, ta gaishe su. A tsakar gidan akwai turmi biyu an kife su.

"Yara nawa gare ku?" in ji Ramlatu.

"Uku ne. Zayyad da Hafsa sun rasu da damina, kwana tara tsakani. Rufaida tana asibiti Anka wurin innata, ana ba ta magani."

"Allah ya ji ƙansu."

"Amin. Ranki shi daɗe, in dai don dutsen ga za a ɗaure wani, ni ya kamata a ɗaure. Shi kawowa kawai ya yi. Ni nika daka shi cikin turmin can, in tankaɗe, yaran suna gabana. Har gero na daka cikinsa bayan na ɗauraye."

Saminu, wanda ke tsaye jikin bango, ya ce mata ta yi shiru, ba ita aka kai ƙara ba. Ta ce ba za ta yi shiru ba. Suka yi ta ja-in-ja a gaban kotu, kowa na cewa laifin nasa ne, har sai da Malam Nuhu ya ba su haƙuri. Ramlatu ta rubuta abin da ya shafi buhunan. Sauran ba shi da gurbi a takardar da ke gabanta, amma ta buɗe bayan littafinta ta rubuta shi can.

Ranar Litinin ta yanke hukunci, shafi biyu kacal. Shaida ta nuna fitar da dutsen yake yi bisa umarnin masu aikin, don haka bai saɓa wa hukuma ba. Ta sallame shi. Ta faɗa masa da Hausa, ta ce ya maimaita abin da ya ji.

"Na ji an sake ni."

"Haka ne. Kana iya tafiya gida."

Bai motsa daga cikin akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma ba. "Ranki shi daɗe, to ɗiyana fa? Wa za a kama?"

Ramlatu ta tambaye shi ko lokacin da yake kai dutsen gida ya san akwai guba a ciki. Ya ce bai sani ba. Ta tambaye shi ko wanda yake sayar wa zinariyar, ko mai injin niƙa, ko wani jami'i ya taɓa gaya masa. Ya ce ba wanda ya taɓa.

"Ba a kawo mini wannan ƙarar ba, Saminu," in ji ta. "Ko an kawo, ba zan ɗaure ka kan abin da ba ka sani ba. Wanda za a kama kuwa, wallahi ban sani ba."

Ya fita ya zauna a kan matakalar kotu. Ana kiran wasu shari'u ana fita ana shiga ta gefensa, yana nan zaune har aka kira azahar, sannan yayansa da Malam Nuhu suka ɗaga shi suka tafi masallaci tare.

Majistare ba ta saba cewa ban sani ba a gaban jama'a, kuma maganar ta tsaya wa Ramlatu a rai. Ta aika Gusau aka kawo mata dokar ma'adinai ta tarayya da ƙa'idojinta. Ta karanta, ta tarar da bayani mai yawa kan lasisi da kamfanoni da ƙungiyoyin ƙananan masu haƙa, amma ta kasa gano wanda za a riƙe idan mutum mai turmi ɗaya a ƙauye ya rasa 'ya'yansa don ba a gaya masa abin da ke cikin dutse ba. Ta tambayi wasu abokan aiki, suka ce wannan ba matsalar majistare ba ce, ta masu yin doka ce da malaman jami'a. Sai ta yi rajistar digiri na biyu a Sakkwato, tana zaman kotu Litinin zuwa Alhamis, ta kama hanya ranar Juma'a. Shekara uku ta yi a haka. Abdulrahman ne ke riƙe da yara huɗu a ƙarshen mako, shi da ƙanwarsa, kuma bai taɓa yi mata gori ba sai sau ɗaya, ranar da ta manta da walimar saukar ɗansu na biyu.

Da ta gama, malamin da ya duba kundinta ya ce akwai gurbin koyarwa a tsangayar shari'a idan tana so. A lokacin saura kaɗan ta zama babbar majistare, daga nan kuma hanyar babbar kotu a buɗe take. Ta yi wata biyu tana juya abin. Ranar da ta faɗa wa Malam Nuhu za ta ajiye aiki, dattijon ya cire tabarau ya dube ta.

"Ranki shi daɗe, mutane roƙo sukai a ba su kujerar ga."

"Na sani, Malam."

"To mi ya yi zafi?"

"A nan mutum ɗaya nake gani a lokaci guda, shi ma sai abin ya riga ya faru. Can kuma waɗanda za su zauna a kujerar nan gaba ne ke zaune gabana."

Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, amma shi bai gamsu ba. Ta ajiye aiki a 2014. Malam Nuhu ya yi ritaya shekarar da ta biyo baya, ya koma garinsu ya kama kiwon tumaki.

Shigarta jami'a ba ta zo da sauƙi ba. Ba ɗan sanda mai tsaron ƙofa, ba wanda ke miƙewa idan ta shigo. An ba ta tebur a ofishin mutum uku, kuma shugaban sashenta ƙaninta ne a karatu da shekara huɗu. Laccarta ta farko ga 'yan aji uku ce, su kusan ɗari biyu, kan dokar laifuka. Ta tsaya ta karanta abin da ta rubuto da murya ɗaya, kamar mai karanta hukunci, rabin ajin na gyangyaɗi. Da ta gama wani ɗalibi ya yi mata tambaya kan wata tsohuwar shari'ar Ingila da ba ta tuna ba. Ba tare da ta yi tunani ba ta ce, "An ɗage zuwa Alhamis." Ajin ya fashe da dariya, ita ma ta yi. Daga ranar ɗalibai suka laƙaba mata An Ɗage, kuma har yau da shi ake kiranta a bayan ido. Ranar Alhamis ɗin ta zo da amsar, shafi uku.

A hankali ta daina karanto takarda. Ta fara kawo musu shari'un da ta yi, tana sauya sunaye da garuruwa, ta ba su bayanan ta ce su yanke hukunci kafin ta faɗa musu yadda ita ta yi, har da waɗanda babbar kotu ta rushe mata, guda huɗu cikin shekara goma. Ta kuma ƙirƙiro zaman kotun gwaji duk yammacin Alhamis, inda ɗalibi zai tsaya ya bayyana tuhuma da harshen gida, ba Turanci ko kalma ɗaya. 'Yan kudu sukan yi da Yarbanci ko Ibo, wani ya fassara. Wasu malamai suka ce ɓata lokaci ne tun da jarrabawa da Turanci ake yi. Shugaban sashe ya ce ba zai sa shi cikin jadawali ba, amma ba zai hana ta ɗaki ba. Ɗalibai goma sha biyu suka zo zaman farko. Yanzu sai an ƙaro kujeru.

Malam Wali ya rasu a 2016, tana tsakiyar digirin digirgir. Binciken nata kan alhakin doka ne a wuraren da talakawa ke haƙar zinariya, kuma ta tsara za ta zauna da mutane a ƙauyuka goma sha biyu na Anka da Bukkuyum. Biyar ta samu zuwa. Daga nan hanyoyin suka lalace da 'yan bindiga, direbobi suka daina yarda su bar kwalta, Abdulrahman da kansa ya daina shiga rugagen da ya yi shekara ashirin yana shiga. Sai ta koma zama a cikin garin Anka tana hira da waɗanda suka baro ƙauyukansu.

A nan ta sake haɗuwa da Laraba, tana toya ƙosai kusa da tasha. Laraba ce ta gane ta. Ta ce sun dawo Anka shekara biyu ke nan. Saminu ya bar harkar dutse ya koma noma har shekara shida, amma da gona ta gagara zuwa ya sake komawa rami, sai dai yanzu a can yake wanka ya sauya kaya kafin ya shigo gida. Sun ƙara haihuwar biyu, lafiyarsu ƙalau. Rufaida ta rayu, tana firamare, amma karatu ba ya zama mata, abin da aka koya mata yau gobe ya tafi. Ramlatu ta nemi izininta ta sa labarinsu cikin kundin ba tare da suna ba. Laraba ta ce ta sa da sunan ma in tana so, ba abin da ya rage da za a ɓoye. Ramlatu ba ta sa ba.

Ta kare kundin a 2020. An buga wani ɓangarensa a mujallar masana, an gayyace ta taro biyu a Abuja, wani kwamiti ya karɓi shawarwarinta ya yi godiya. Ba ta ga an canza ko layi ɗaya na doka saboda ita ba, kuma idan ɗalibai suka tambaye ta haka take faɗa musu.

Shekara uku bayan nan aka buɗe neman alƙalan babbar kotu. Tsofaffin abokan aikinta suka yi ta kiranta ta nema. Ta ce ba ta so, sannan ta cika takardar. Ta je ganawa a Gusau, ta amsa tambayoyi yadda take ganin ya dace, aka fitar da sunaye ba nata. Ba ta ɓoye cewa ta ji zafi ba. Mako guda ta yi ba ta son magana da kowa, har Abdulrahman ya tambaye ta ko da an ba ta za ta bar ajin.

"Da zan bari," in ji ta. "Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Yanzu babbar malama ce a sashen, tana koyar da dokar laifuka da dokar shaida, tana duba kundin ɗalibai bakwai. Gwiwarta ta hagu tana damunta, ta yi shekara biyu tana neman a mayar da ajinta ƙasa daga bene, ba a yi ba tukuna. Inna Hindu tana nan Gummi, ta tsufa, ta ƙi yarda ta koma Sakkwato.

Kwanan baya, wata safiya tana shirin fita, wayarta ta yi ƙara. Mujahid ne, wani tsohon ɗalibinta da bai daɗe da zama majistare ba a wata ƙaramar hukuma. Ya gaishe ta ya ce yana da shari'ar wasu masunta biyu da suka yi faɗa kan koma, wato ragar kamun kifi, akwai shaidar da bai san ko zai karɓa ba, yana son ta gaya masa yadda zai yi.

"Ba zan gaya maka yadda za ka yi ba," in ji ta. "Kai ka ga mutanen, ni ban gan su ba. Dokar shaida tana kusa da kai?"

"Tana kan tebur, Malama."

"Buɗe wajen maganar ji-ta-ji-ta. Karanta mini a hankali."

Ya karanta. Ta ce ya sake. A karo na biyu ya tsaya a tsakiyar jimla ya ce ya gani. Ta ce to madalla, ya gaida mutanen gidansa. Ta kashe wayar, ta ɗauki jakarta da sandar da ta fara riƙewa bana, ta fita, don tana da 'yan aji huɗu ƙarfe takwas kuma hawan benen yana cin mata minti goma.